An sa mana injin ɗumama gida mai kare muhalli, kuɗin wuta ya ninka: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Muna zaune a gidan kansil, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, mai ɗaki uku a arewacin Ingila, ni da maigidana da yara huɗu. Bara aka zo aka cire mana boilar gas da ke dafa ruwan ɗumama gida, aka kafa wani inji mai fanka a bayan gida, aka ce shi ne mai kare muhalli kuma zai rage mana kuɗi. Da can gas da lantarki gaba ɗaya ba sa wuce fam 170 a wata ko da ana tsananin sanyi. Watan Janairun nan mitarmu ta kati ta ci sama da fam 330, kuma gidan bai yi ɗumi ba. Yanzu kashe shi nake yi, mu kunna ƙaramin hita a falo. Cutar mu aka yi, ko mu ne ba mu iya ba?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Daga Disamba zuwa Fabrairu babu tambayar da ta fi wannan shigowa wayata. Bari in ba ki amsar a dunƙule kafin in warware ta. Injin yana aiki, ba damfara ba ne. Sai dai a ƙasar nan ratar da ke tsakanin ya rage miki kuɗi da ya ƙara miki siririya ce ƙwarai, kuma abubuwan da ke yanke hukuncin, wato girman injin, girman radiyetoci (ƙarafan jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsu su ɗumama ɗaki), yadda aka saita shi da yadda gidan ke riƙe ɗumi, kusan duk ba a hannun ɗan haya suke ba. Fam 330 a wata ɗaya kuma yara na rawar ɗari a ɗaki, ai ruwa ba ya tsami banza.

A shagon gyaran firiji da AC na koyi sana'a a Kano, shi ya sa ranar da aka fara nuna mini wannan inji a nan sai da na yi dariya. AC ne aka juya masa baya. Kin san idan mutum ya bi ta bayan AC a gida iska mai zafi ke buso shi? Zafin ɗakin ne injin ya kwaso ya watsar waje. Wannan kuwa akasin haka yake yi. Yana kwaso zafin da ke cikin iskar waje, ko da ke kina jin ta kamar ƙanƙara, kwamfaresa ya matse shi ya ƙara masa kaifi, sannan ya zuba shi cikin ruwan da ke zagaya radiyetocin gida. Ni injin jan zafi nake ce masa. Ɗan dako ne: zafin na waje ne, kyauta, lantarkin da yake sha kuma ladan dakonsa ne. Duk maganarmu ta yau a kan abu ɗaya take, wato kaya nawa yake kawowa a kan kowane yunit na lantarki da kika biya shi.

Hita na jonawa a soket, irin wanda kika kunna a falo, yunit ɗaya na wuta ɗaya na zafi yake bayarwa, ba ƙari. Injin jan zafi da aka kafa da kyau yana ba da uku, wani ma har huɗu. Wani babban gwaji da gwamnati ta ɗauki nauyinsa a gidaje sama da 700 a Birtaniya ya gano cewa matsakaicin abin da irin injinku ke bayarwa a shekara kusan 2.8 ne. Wanda aka kafa da ganganci kuwa na sha samun sa a biyu, har ƙasa da haka.

To ga inda gizo ke saƙa. A Birtaniya yunit ɗin lantarki yana ninka na gas wajen sau huɗu a tsada. Zan ɗauki farashin da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin gas da lantarki, ta ƙayyade na watannin Oktoba zuwa Disambar 2024 a matsayin misali, tunda duk wata uku ake sauya shi: lantarki kwabo 24.5 yunit, gas kwabo 6.24. Kwabon Ingila nake nufi, wanda ɗari ke yin fam guda. A ce gidanku yana buƙatar zafi yunit 10,000 a shekara, ɗumama ɗakuna da ruwan wanka duka. Boilar gas tana zubar da wani kaso ta bututun hayaƙi, a ce kashi 85 cikin ɗari ne ke shiga gida, saboda haka za ta ƙona wajen yunit 11,800, kusan fam 735. Ki ƙara kuɗin tsayuwar mitar gas da ake cira kullum ko an kunna ko ba a kunna ba, kwabo 31.66 a rana, kusan fam 115 a shekara. Jimla wajen fam 850.

Yanzu ki sa injin jan zafi a gidan nan. Idan yana ba da uku, yunit 3,333 zai sha, kusan fam 817. Kin ga an tashi kusan kunnen doki da gas, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Idan yana ba da huɗu, fam 612, nan ne ake jin daɗi. Idan ya sauko biyu, fam 1,225. Idan ɗaya da rabi ne, fam 1,633. Idan kuma an wayi gari hita zalla ke ɗumama gidan, fam 2,450. Gida ɗaya ne, sanyi ɗaya, farashi ɗaya, amma bambancin ya haura fam dubu da ɗari takwas. Wanda ya ce miki zai rage kuɗi layin sama ya karanta miki, bai karanto na ƙasa ba.

Dalilin tsadar lantarkin kashi biyu ne a taƙaice. Tashoshin da ke ƙona gas su ne sau da yawa ke yanke farashin wuta a kasuwar sari, ko da a ranar iska ce ta samar da mafi yawanta. Sannan an daɗe ana ɗora yawancin harajin tallafa wa makamashi mai tsabta a kan takardar lantarki maimakon ta gas. Wato abin da ake son mutane su koma gare shi shi aka fi tsawwala wa. A Norway, inda sanyi ya fi na nan nesa ba kusa ba, fiye da rabin gidaje da irin wannan inji suke ɗumama, don can ba a saba da gas mai arha a gida ba. Sanyi ba ya hana shi aiki. Lissafin kuɗin ne ya bambanta.

Me ke sa injin ya faɗo daga uku zuwa biyu ko ƙasa? Babban abu shi ne zafin ruwan da aka ce ya tura cikin radiyeta. Ki koma kan ɗan dakon nan. Tazarar da ke tsakanin sanyin waje da zafin ruwan da ake nema kamar tudu ne da zai hau da kaya a ka. Idan waje na digiri 5 aka ce ya kai ruwa digiri 35, ɗan tudu ne, zai yi ta kai da komo da kaya niƙi-niƙi. Idan aka ce ya kai shi 55 ko 60, dutse aka haɗa shi da shi, ladan na nan yadda yake amma kayan sun ragu. A ƙiyasin da muke aiki da shi, kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana cin wajen kashi biyu cikin ɗari na ƙwazon injin. Boilar gas ba ruwanta da wannan, tana tura ruwa mai digiri 65 zuwa 75 ba tare da wahala ba, shi ya sa ƙananan radiyetoci ke isar ta. Da aka cire boila ya kamata a auna kowane ɗaki, a lissafa zafin da yake zubarwa, a sauya radiyetocin da suka yi ƙanƙanta da manya masu faɗi. Inda ɗan kwangila ya yi gaggawa ya bar tsofaffin, ɗaki ba zai yi ɗumi ba, ɗan haya zai kira ya yi ƙorafi, a turo wani ya murɗa zafin ruwan zuwa 55 ya kama gabansa. Ƙorafin sanyi ya mutu, na kuɗi ya taso, kuma shi wannan ba a ofishin masu gida ake jin sa ba. Ki tambayi kanki: ranar da aka kafa injin, an sauya muku radiyetoci? Idan amsar a'a ce, da ita za ki fara.

Akwai wani saiti da ke sa injin ya riƙa duban yanayin waje da kansa, ya rage zafin ruwan ranar da sanyi ya yi sauƙi, ya ƙara ranar da ya tsananta. A allon injin da Turanci za ki ga an rubuta weather compensation ko heating curve. Gidaje da yawa da na shiga a kashe na same shi, an kafe injin a lamba ɗaya tun ranar farko, yana hawa dutse har a watan Afrilu.

Abu na biyu, kuma shi na fi zargi a gidanku, hita ne da ke ɓoye. Kin tuna hitar nan mai zobe da ɗalibai ke tsomawa a bokiti su dafa ruwan wanka? To akwai babbar yayarta a cikin tankin ruwan zafinku, yawanci mai ƙarfin kilowat uku. Wasu injinan ma suna da wata ta biyu da ke tallafa wa ɗumama ɗakuna idan injin ya gaza. Aikinta ya kamata ya zama kaɗan: sau ɗaya a mako ta kai ruwan tanki digiri 60 don kashe ƙwayar cutar lejiyonela da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, sai kuma ranar da injin ya lalace. Amma idan an bar makunninta a kunne, ko an saita tankin a 60 kullum alhali injin ba ya iya kaiwa can shi kaɗai, ita za ta riƙa yin aikin. Awa ɗaya yunit uku ne, kwabo 73 da ɗoriya. Awa huɗu a rana kusan fam uku, a wata kusan fam 88. Gida mai mutum shida, ga wanka, ga alwala da ruwan ɗumi sau biyar a rana, ga wanke-wanken tukwane, awa huɗu ba abin mamaki ba ne. Na taɓa shiga wani gida da matar ta ce wata takwas tana kuka da kuɗin wuta, an turo mutum biyu sun duba injin na waje sun ce lafiyarsa lau. Gaskiya suka faɗa, lafiyarsa lau. Na buɗe kabad ɗin tanki na ga wani makunni da jar fitila a bayan tawul, tun ranar da aka kafa injin yake kunne. Ki je ki duba naku yau. Za ki ga an rubuta Immersion ko Boost a jikinsa ko kusa da shi. Kada dai ki taɓa tsarin nan na mako-mako, wannan na lafiya ne. Sauran kwanaki digiri 48 zuwa 50 ya ishi tanki.

Na uku shi ne abin da kike yi yanzu, kuma ban ga laifinki ba, don duk wanda ya ga kati na ƙarewa kamar ana zuƙe shi abin da zai yi ke nan. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ƙaramin hita mai kilowat biyu idan ya yi awa shida ya sha yunit 12, kusan fam uku a rana, falo kaɗai ya ɗumama. Yunit 12 ɗin nan a injin da ke ba da uku zafi yunit 36 ne, ga gida duka. Ƙari a kan haka, mun saba da boila: a kunna, cikin rabin awa gida ya ɗauka, a kashe. Injin jan zafi ba ya wannan gudun. Kamar garwashi yake, a hankali yake ratsa bango da daɓe. Idan kika kashe shi gidan ya huce har bango ya yi sanyi, da kin kunna zai tashi da iyakar ƙarfinsa, ya ɗaga zafin ruwa, sau da yawa ya kira hitar nan ta ɓoye ta taya shi, kuma duk da haka sai bayan awanni za a ji ɗumi. An biya mafi tsada, an samu mafi ƙaranci. Abin da ya fi shi ne a tsayar da tamostat, wato abin da ake saita zafin gida da shi, a digiri 19 ko 20 da rana, da dare ko lokacin da ba kowa a rage digiri biyu kacal, a bar ƙofofin ɗakuna da kan radiyetoci a buɗe. Radiyeta mai ɗumi-ɗumi da za ki iya ɗora hannu a kai ba lalacewa ta yi ba, haka aka tsara ta.

Amma kada in yi miki irin ta masu talla. Shawarar a bar shi a kunne tana aiki ne a gidan da ke riƙe ɗumi. Idan rufin sama ba shi da abin tare zafi, bango fanko ne, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A irin wannan gida ɗumama dare da rana na nufin gidan zai buƙaci zafi fiye da yadda kuke ba shi a da, lokacin da kuke kunna boila awa uku da safe, biyar da yamma. Ka'idar aikinmu ita ce a toshe gidan tukuna sannan a sa inji. Inda aka yi akasin haka, ɗan haya ne ke biyan kuɗin ɗumama titi.

Akwai kuma abin da ido ke yaudarar mutum da shi, gara in faɗa. Da takarda biyu kike biya, yanzu ɗaya ce, saboda haka dole ta lantarki ta kumbura. Sannan kusan rabin ɗumamar shekara a watanni ukun tsakiyar hunturu ake yin ta, kuma a lokacin ne injin ya fi shan wahala, ga iska mai sanyi, ga ƙanƙarar da ke kama bayansa yana tsayawa ya narkar. Mai biya ta banki an raba masa kuɗin daidai a wata goma sha biyu, ba ya ji. Mai mitar kati kuwa a Janairu yake shan dukan gaba ɗaya, a Yuli ya huta. Don haka ki gwada shekara da shekara, gas da lantarkin da can a haɗe, da yunit maimakon fam tunda farashi na sauyawa. Ki tabbatar kuma an cire mitar gas ɗin an rufe asusunta. Na ga gidajen da aka yanke gas aka bar mitar, kuɗin tsayuwa na ta taruwa a matsayin bashi. Ki duba ko mitar katin na cire wani tsohon bashi duk mako. Ki kuma duba tsarin farashin da kike kai: gidajen da suka taɓa amfani da hitocin da ke tara zafi da dare sau da yawa an bar su a kan Economy 7, mai arha awa bakwai na dare, mai tsada da rana, alhali injin da rana ya fi aiki. Wasu kamfanoni yanzu suna da farashi na musamman ga masu irin wannan inji, da awannin rangwame cikin yini, sai dai yawanci sai da mita mai aika karatu da kanta.

Wannan kuka ba yau aka fara shi ba. Wajen 2012 BBC ta yi rahotanni kan 'yan haya a sababbin gidajen ƙungiyoyin da ke ba da haya mai rahusa da aka sa wa wani nau'in injin jan zafi na daban, wanda ba shi da fanka a waje, yana tsaye cikin kabad kamar dogon firiji, yana zuƙar iskar kicin da banɗaki yana cire zafinta. A Suwidin, a gidaje masu riƙe ɗumi sosai, yana aiki. Amma zafin da ke cikin iskar gida ɗaya kaɗan ne, kwamfaresansa ƙarami, abin da ya gaza kuma hitar lantarki ce ke cikewa. An saka shi a gidajen da suka fi ƙarfinsa don a cika sharuɗɗan kare muhalli da gwamnati ta gindaya wa gidajen da take tallafa wa a lokacin, sai hitar ta zama ita ce boilar gidan. Wasu ƙungiyoyin daga baya cire su suka yi suka mayar da gas. Duk mai karanta wannan da injinsa ke cikin kabad babu komai a waje, ya fara bincikensa daga nan.

Akwai kuma 'yan'uwanmu da ke dogayen benaye, musamman a Landan, waɗanda matsalarsu ta yi kama da taki amma tushenta daban. Su tukunya ɗaya ce babba a ƙasan bene ko a unguwa, ana turo ruwan zafi ta bututu zuwa kowane gida. Tsohuwar dabara ce, ta unguwar Pimlico tun 1950 take, da zafin da tashar wutar Battersea ke zubarwa aka fara ta. Illarta ga ɗan haya ita ce ba ya iya sauya kamfani, mai tukunyar kuma a farashin 'yan kasuwa yake sayen gas, wanda ƙayyadewar Ofgem ba ta shafa ba. Da gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022 su suka fi kowa ji a jika. Ga asarar hanya: idan barandar benenku na da zafi kamar gidan burodi a watan Yuli, zafin da kuke biya ne ke tsiyaya daga bututun da ba a naɗe ba. Dokar makamashi ta 2023 ta ba Ofgem ikon sa ido a kan masu irin wannan tukunya, kuma tun Afrilun 2025 'yan haya suna iya kai ƙara ga Energy Ombudsman, ofishin da ke sauraron ƙorafi kan kamfanonin makamashi.

Me ya sa masu gidajen ke ta saka waɗannan injina? A 2019 Birtaniya ta kafa dokar kawar da hayaƙinta mai ɗumama duniya nan da 2050, ɗumama gidaje da gas kuma babban kaso ne na hayaƙin. Gwamnati ta ware asusu na musamman don gyara gidajen kansil da na ƙungiyoyi. Ni ina goyon bayan manufar, da ita nake cin abinci, kuma na kafa injinan da masu su ke yi mini addu'a. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya zaɓi injin daban, wanda ya kafa daban, wanda zai biya kuɗin wuta daban. Mai gida ya samu tallafi, darajar gidansa a takardar ingancin makamashi ta hau, ɗan kwangila an biya shi a kan yawan gidajen da ya gama. Babu wanda aka ɗaure ladansa da abin da mitarki za ta ci a Janairu. Mai gidan kansa da ya kashe kuɗinsa zai tsaya a kan mai aiki har sai ya ga daidai. Ɗan haya kuwa bayanin minti goma ake yi masa a tsaye, a miƙa masa littafi mai shafi tamanin, wani lokacin ma a kulle allon saitin da lambar sirri.

To yanzu abin yi. Kada ki je musu da "kuɗin ya yi yawa", za a ce farashi ne ya tashi, a ba ki lambar masu ba da shawara. Ki je da lissafi. Yawancin injinan suna nuna lambobi biyu a allonsu: lantarkin da suka sha da zafin da suka bayar. Ki raba na biyu da na farko. Idan a tsawon watanni abin bai kai biyu da rabi ba, akwai gyara. Idan allon ba ya nunawa, ki yi mako guda kina rubuta karatun mita safe da dare a lokaci ɗaya, da zafin falo da na ɗakin yara, ƙaramin ma'aunin zafi ba ya wuce 'yan fam. A makon nan ki ajiye ƙaramin hitan gaba ɗaya, ki bar injin ya yi aikinsa, in ba haka ba lissafin zai cakuɗe. Kwana biyun farko zai sha da yawa kafin bango ya ɗauka, kada ki firgita. Gida irin naku ba tare da ɗumama ba yakan sha wajen yunit takwas zuwa goma sha biyu a rana, abin da ya hau kai na injin ne da tanki.

Sannan ki rubuta wa kansil, a rubuce, ki ce ƙorafi ne a hukumance, kada ki tsaya a waya. Ki nemi abu huɗu: kwafin lissafin zafin da kowane ɗaki ke zubarwa wanda aka yi kafin kafa injin, zafin ruwan da aka tsara zai yi aiki da shi, takardar MCS, wato shaidar cewa an kafa injin bisa ƙa'ida, da kuma a turo wanda ya san injin jan zafi musamman ya sake saita shi a gabanki. Ki nanata wannan na ƙarshen, don da yawa daga masu gyaran da ake turowa 'yan boila ne, hannunsu ya saba da murɗa zafi sama. Sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida kula da kayan ɗumama ɗaki da na ruwa su kasance suna aiki yadda ya kamata, dokar 2018 kuma ta ce dole gida ya dace da zaman ɗan Adam. A ka'idar Housing Ombudsman (ofishin da ke sauraron ƙorafin 'yan hayar kansil da na ƙungiyoyi), wadda ta zama tilas tun Afrilun 2024, za su amsa cewa sun karɓa cikin kwanakin aiki biyar, su ba da amsar matakin farko cikin goma, ta mataki na biyu cikin ashirin. Idan ba ki gamsu ba sai ki wuce wurin Ombudsman ɗin, kyauta ne, kuma yana iya sa a biya diyya. Ki leƙa maƙwabta ma. Irin wannan aiki layi guda ake yin sa, ɗan kwangila ɗaya, kuskure ɗaya. Takarda mai sa hannun gida goma da karatun mitocinsu ba a jefa ta a kwandon shara.

Wani abu da ba na so ki yi wasa da shi: gidan da aka bar shi da sanyi, mutum shida na numfashi, ana girki ana shanya a ciki, danshi zai kwanta a bango, baƙar fumfuna ta biyo. Ita ce ta yi ajalin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, a Rochdale a Disambar 2020, iyayensa 'yan Sudan ne da suka yi ta kai kuka ba a saurare su ba. Dokar da aka sa wa sunansa ta fara aiki ranar 27 ga Oktoban 2025, ta tilasta wa masu gidajen kansil da na ƙungiyoyi a Ingila su binciki danshi da fumfuna mai haɗari cikin kwanakin aiki goma, abin gaggawa kuma cikin awa 24. Idan kin ga ɗigon baƙi a kusurwa ko bayan kabad, ki ɗauki hoto ki sa a takardar. Ɗakin da yara ke kwana kada ya sauka ƙasa da digiri 18.

Kafin a gyara, ki nemi abin da yake haƙƙinku. Akwai rangwamen fam 150 na Warm Home Discount ga masu karɓar tallafi irin su Universal Credit, ki tabbatar sunan mai karɓar tallafin na kan asusun wutar. Idan akwai yaro ƙasa da shekara biyar ko mara lafiya a gidan, ki sa kamfanin wuta ya shigar da ku rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman, kyauta ce. Idan kati ya ƙare babu na sakawa, ki kira su, wajibi ne su duba ba ku bashin gaggawa. Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara, kuma za su taya ki rubuta takardar idan Turancin hukuma ya yi nauyi.

Yau da dare dai ki buɗe kabad ɗin tankin ki duba makunnin nan, ki ɗauki hoton allon injin inda yake nuna zafin ruwan radiyeta da na tanki, ki rubuta karatun mita kafin ki kwanta da bayan sallar asuba. Ki turo mini su tare da sunan injin da ke rubuce a jikin na waje, in gaya miki lambar da za ki ce a mayar da shi. A gaida maigida da yara.